Sai Adimin Ya Iso

Jama'a, jiya na ga abin da ya fi ƙarfin bakina. An ce duk wanda bai sabunta rajistar layinsa ba kafin yamma za a datse shi. Ni kuwa ta layin nan kaɗai Innata take jin muryata daga ƙauye, in ta kira ban ɗauka ba, ranar ba ta cin abinci. Na yi sammako sai ofishin rajista.

Na tarar da maƙwabcina Mai Faci a kan benci, ya riga ni. Akawu ya kunna kwamfuta, ta yi 'yar waƙarta, sai ta tsaya cak.

"Ku yi haƙuri, sai adimin," in ji akawu.

Mai Faci ya ce, "Wane ne kuma Adimin? Sabon zuwa ne?"

Akawu ya ce ba mutum ba ne, izini ne. Manhajar rajistar ba ta buɗewa sai mai lambar sirri ya sa mata hannu, mai lambar kuwa shi ne Ranka-ya-daɗe, Garkuwan Kujera, wanda ba ya fitowa sai rana ta take tsaka.

Na ce, "Malam, ba a iya saita ta ta riƙa tashi da izininta da zarar an kunna?"

Ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Ana iyawa, Baba. Har kwamiti aka kafa a kai, aka sha lemo, aka sayi sababbin labule. Amma in ta tashi da kanta, shi Maigida me zai zo yi?"

Gaskiya ne, Allah ya ƙara wa manyanmu basira. Wa ya isa ya raba kifi da ruwa?

Can sai ga Maigida, ƙamshin turare ya riga shi shigowa. Ya gyara tabarau, akawu ya karanta masa abin da ke kan allo: "Ka amince wannan manhaja ta yi canji?"

"Canji? A ofishina? Wa ya turo ta?" Ya danna A'a.

Akawu ya rusuna. "Ranka ya daɗe, ai canjin a cikin kwamfutar ne kawai. Ba wanda zai gan shi a waje."

Fuskar Maigida ta washe. "To ka ce irin namu ne mana!" Ya danna E, ya buga lambarsa da yatsa ɗaya yana kare ta da hula. Har tafi muka yi masa, in da rabon a ji kunya.

Layi ya fara tafiya. Mai Faci ya gama, na zauna, na gyara wuyan riga don hoto, sai wuta ta ɗauke. Aka tayar da janareta, kwamfuta ta dawo, ta sake neman adimin. Maigida kuwa tuni ya wuce taron ƙara wa juna sani kan sauƙaƙa wa talaka aiki.

Kafin magariba an datse layina, wayata ta zama fitila.

Yau da safe direban motar ƙauyenmu ya yi sallama a ƙofata. Wai Inna ta kwana tana kira, ta ce ya duba mata ya gani, don mutum biyu ne ta sani ba sa ɗaukar waya: mutuwa na yi, ko muƙami na samu?