Kifin Innar Nasiru

Ba zan taɓa mantawa da ƙarfe goma da minti goma sha biyu na safiyar wata Talata ba. Ƙarfe goma daidai na sa zaman, amma aka ɓata minti goma sha biyu wajen neman kujera ta huɗu (har yau ban gano wanda ya ɗauke ta ba). Waɗanda suka halarta su ne: na ɗaya, ni, mai kula da ɗakunan kwanan ɗalibai maza a wani reshen jami'a da ke nan Yauri. Na biyu, Dakta Hauwa, shugabar ofishin harkokin ɗalibai. Na uku, Nasiru, ɗan aji biyu, ɗan masunta daga wata tunga ta bakin ruwa kusa da Wara. Na huɗu, Bitrus, abokin ɗakinsa, ɗan manoma daga ƙasar Ngaski.

Ni ban yi karatu mai zurfi ba, takardar koyarwa kawai gare ni, amma ina da tsari. Ɗalibai suna kirana Baba Na-ɗaya, wai don ko gaisuwa zan yi sai na jera ta ɗaya bayan ɗaya. Sun ɗauka ban sani ba. Na sani, kuma ina da sunayen waɗanda suka fara.

A da, idan ɗalibai suka yi faɗa, aikina mai sauƙi ne. In rubuta suna, in rubuta laifi, in aika wa kwamitin ladabtarwa, kwamiti ya kori wanda zai kora. Sai Dakta Hauwa ta zo da sabon tsari na zaman sulhu. Aka ba mu horo na kwana uku. Za a zauna a zagaye, babu tebur a tsakani, a bi tambayoyi uku: me ya faru, wa aka cuta, yaya za a gyara. Kuma akwai doka guda: ana samun wani ɗan abu a riƙe a hannu, wanda yake riƙe da shi ne kaɗai zai yi magana, ko shugaban jami'a ne a zaune sai ya jira. Wannan doka ta burge ni ƙwarai. Na kwafe ta a littafina, na ja mata layi biyu da rula.

Maganar da ta tara mu ita ce: Innar Nasiru ta aiko masa da ƙunshin kifi mai banda, wanda zai riƙe shi har ƙarshen jarabawa. Jirgin ruwa ya kawo shi Yelwa, ɗan acaɓa ya ce ya kai ɗakunan kwana ya ajiye. Nasiru bai ga komai ba. A ranar kuwa Bitrus ne kaɗai a ɗaki, kuma washegari an gan shi yana shan romon kifi. Nasiru ya kira shi ɓarawo a bakin famfo, gaban mutum fiye da ashirin. Aka kaure, gilashin taga ya fashe, leɓen Nasiru ya kumbura. Kafin kwana biyu ɗalibai sun fara rabuwa, 'yan bakin ruwa gefe guda, 'yan tudu gefe guda, wasu har sun fara jawo maganar addini ciki. Idan zaman ya gagara, takardar Bitrus za ta tafi kwamiti da laifi biyu, sata da duka, saura mako uku jarabawa. Kora ce kai tsaye. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, na riga na rubuta takardar, tana cikin aljihun rigata, sa hannu kawai ya rage.

Wannan ne zamana na farko a matsayin mai jagoranta, Dakta ta zo ne ta ga ko horon ya shige ni. Na buɗe da nasiha ta minti goma a kan amana. Na ce wanda ya ci abin wani, ko ya ɓoye wa mutane cikinsa ya sani. Ina faɗa ina kallon Bitrus. Daga nan na ciro abin riƙewa daga jakata: wani guntun itace mara nauyi, irin wanda masunta ke ɗaura wa taru don kada ya nutse, da shuɗin zare a jikinsa. Na zaɓe shi ne don ya dace da hannu, kuma abin ƙasarmu ne. Dakta ma ta gyaɗa kai ta rubuta wani abu.

Na miƙa wa Bitrus. Ya ce, "Baba, ni kifina na sayo a kasuwar Yelwa. Ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. In aka kore ni, da wane baki zan gaya wa babana?" Muryarsa na rawa. Na rubuta a littafi: yana rawar murya (na ɗauke shi alamar rashin gaskiya).

Sai itacen ya isa hannun Nasiru. Ya juya shi, ya sake juyawa, ya kai shi kusa da hanci.

A nan dole in koma baya kwana tara. Ranar Lahadin nan na dawo daga sallar azahar na tarar da ƙunshi a kan teburina, an naɗe shi da takardar siminti, an ɗaure da shuɗin zare da wannan guntun itace. Babu suna. Surukina na Shanga yakan aiko mini da kifi haka nan, don haka na kai gida. Na ma buga masa waya na yi godiya, ya ce, "Haba, ba komai, ai yi wa kai ne." (Daga baya na gane a ƙasar nan babu mai mayar da godiya. Ko ba shi ya yi ba zai karɓa, ya bar wa Allah sauran.) Kwana huɗu muna cin kifin nan ni da iyalina. Ragon ruwa ne, bandar ta yi kyau, ban taɓa cin irinsa ba. Takardar simintin na ƙona, zaren da itacen na adana, don ni ba na yar da abu mai amfani.

Nasiru ya ɗago kai ya ce, "Baba, don Allah wanga icce ina kuka same shi?"

Na buɗe baki zan ce wannan ba ya cikin tambayoyi uku. Dakta ta ɗaga yatsa. "Malam, ba kai ke riƙe da shi ba."

Na rufe bakin.

Nasiru ya nuna mata gefen itacen. "Hajiya, duba nan. Tsaga uku a tsaye, ɗaya a kwance. Alamar tarunmu ce tun kakana, kowa a tungarmu ya san ta. Inna ba ta rubutu, shi ya sa in za ta aiko mani saƙo sai ta ɗaura wannan. Shi ne sunana."

Fanka tana juyawa a sama, amma gumi ya fara sauka ta ƙarƙashin hulata. Bitrus ya miƙa hannu, Nasiru ya ba shi itacen, daidai da doka. Bitrus ya kalle ni cikin ladabi ya ce, "Baba, tambaya ta ɗaya. Me ya faru?" Sannan ya miƙo mini da hannu biyu.

Ban taɓa jin abu mara nauyi ya yi nauyi haka ba. Na ba da bayani a jere, don ko a cikin kunya tsari yana da amfani. Na ɗaya, na ga ƙunshi. Na biyu, ban tambayi kowa ba. Na uku, mun ci. Dakta ta sa gefen mayafinta ta rufe baki, kafaɗunta suna motsi. Ta karɓi itacen don ta samu ikon magana, ta ce, "Duka?"

Na karɓa na ce, "Har kawunan."

Muka wuce tambaya ta biyu, wa aka cuta. Nasiru ya ce kwana tara yana shan gari da ruwa, kuma ya zagi mutumin da ya taɓa jinyarsa lokacin da zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya juya ya ce, "Bitrus, ka yafe mani, na yi maka ƙazafi." Bitrus ya ce, "Kai ma ka yafe leɓen. Ko da yake ya fi maka kyau haka." Suka yi dariya. Ni ba a gayyace ni dariyar ba.

Da aka zo ta uku, na yi saurin cewa zan sayo wani kifin. Bitrus ya jira itacen ya iso gare shi, sannan ya ce, "Baba, kifi na Nasiru ne. Ni sunana nake so. A bakin famfo aka ce mini ɓarawo, a bakin famfo nake so a wanke ni." Na duba littafina ko akwai inda aka ce mai jagoranta yana iya ƙin amincewa. Babu. Ni da hannuna na rubuta cewa gyara yana zuwa ne daga bakin wanda aka cuta.

Washegari ƙarfe bakwai na safe, lokacin da layin ɗiban ruwa ya fi tsawo, na tsaya a kan dakalin famfo. Na ce, "Na ɗaya, Bitrus bai saci komai ba." Kafin in ja numfashi ɗalibai kusan ɗari suka haɗa baki: "Na biyu!" Na ce, "Na biyu, ni na ci kifin." Ihun da aka yi, na ji an ce har masu gadin ƙofa sun taso da gudu. Na ciro takardar kwamiti daga aljihu na yayyaga ta a gabansu, wannan ne na uku, amma babu wanda ya ji.

Ranar Asabar na hau jirgi tare da su biyun muka je tungar, na durƙusa na ba Innar Nasiru haƙuri. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta tambaya, "To Malam, gishirin ya ji?" Na ce ya ji. Ta sallame mu da ƙunshi uku, ta ɗaura wa nawa jan tsumma, ta ce wa ɗanta ya nuna mini da kyau kada in sake ruɗewa.

Bitrus ya rubuta jarabawarsa, yanzu shi da Nasiru suke taimaka mini a zaman sulhu, kuma da itacen nan muke aiki har yau. Abin da na koya shi ne, kafin mutum ya jera tambayoyi uku ga 'ya'yan mutane, ya fara shiga ofis ya rufe ƙofa ya yi wa kansa ta farkon. Sunana ma ya canja, an daina Baba Na-ɗaya, an koma Baba Na-biyu.

Roƙona gare ka mai karatu guda ɗaya ne. In kana da ɗa a ɗakunan kwananmu kuma za ka aiko masa da saƙo, don girman Allah ka sa a rubuta sunansa a jiki, da manyan baƙaƙe, gaba da baya.