Ranar da Na Cire wa Farfesa Takalmi

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, lokacin ina digiri na biyu a Samaru. Aikina shi ne takin yuriya da aka sanya wa kabon-14, wani sinadari mai fitar da ɗan tiriri irin na nukiliya, don mu bi sawunsa mu ga inda yake shiga a jikin masara. An gargaɗe ni cewa in ya zube ban sanar ba, za a rufe ɗakin gwajinmu, digirina kuma ya bi ruwa. Shi ya sa nake zagaye ko'ina da na'urar gano tiriri sau uku a rana (sau ɗaya doka ta ce).

Ran nan na leƙa sito, na kai na'urar kusa da wani buɗaɗɗen buhu, sai ta fara kat-kat-kat. Na tare ƙofa, na ce wataƙila, ban dai tabbata ba, sinadarin ya zube an taka shi, kowa ya cire takalmi.

Sai ga Farfesa, shugaban sashenmu, zai wuce taro.

"Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, har da kai."

Ya dube ni, ya cire. Safarsa da huji a babban yatsa. Mutum tara a baranda, kowa ya kafa wa silin ido.

Baba Ishaya, tsohon ma'aikacin ɗakin gwajin, ya karɓi na'urar. Ya ɗora ta a kan wani sabon buhu irin wancan da ya sayo a Sabon Gari da safiyar, ko ɗinkinsa ba a farke ba. Kat-kat-kat.

"'Yata, wannan ai takin kamfa ne. Fotasiyam ɗin cikinsa haka Allah ya halicce shi, yana ɗan tiririnsa. Ko kin je kasuwar kin zuba musu ne?"

Aka kwashe da dariya. Ni da na rubuta wannan a jarrabawar aji uku! Na fara shirin kuka.

Farfesa yana ɗaure takalmi ya ce, "Shekara ashirin ba wanda ya taɓa tare ni a ƙofar nan. Daga yau ke za ki riƙa sa hannu a takardar binciken tiriri ta ɗakin nan."

Ba a rufe ɗakin ba, na gama digirina, kuma ina ganin (in ban yi kuskure ba) na kyauta. Abin da na koya dai shi ne in fara tambayar Baba me ke cikin buhu kafin in tara jama'a.