Rumban, Sinadarin da Ya Rushe Mini a Gaban Sufeto

Ba zan taɓa mantawa da Talatar da sufeto ya zo duba darasina a lise, wato babbar sakandare, ba. Lokacin ina ɗan kwantiragi a Madarumfa, ina koyar da shimi, wato ilimin sinadarai, kuma rahotonsa ne zai sa a tabbatar da ni a aiki ko in koma noman gero.

Na ce yau sai na burge. Darasin shi ne yadda sunan sinadari ke nuna siffarsa, kamar kuban, mai kusurwa takwas irin na kwali. Sai na ƙirƙiro nawa, wanda ba a taɓa haɗawa ba, na raɗa masa suna rumban, wato mai siffar rumbu. Na ɗebo laka a bakin tafki na mulmula ƙwallaye, kowane a matsayin karbon, na sassoka tsinken tsintsiya a matsayin hannayen da ke haɗa su. Da na zo jinka, jinin noma ya motsa. Wa ya taɓa ganin jinka mai sanda huɗu? Na jera shida suka haɗu a ƙwallon ƙoli (har na ja baya ina yaba wa kaina, wallahi).

Ina ta zuba a aji, sufeto na gyaɗa kai, sai Rabi ta ɗaga hannu. Ɗaliba ce 'yar garin Gabi, ba ta cika magana ba. Ta kira ni yadda ɗalibai ke kiran malami da Faransanci, ta ce:

"Mushe, ba kai ka ce karbon hannu huɗu gare shi, ko da wa ya zo ba?"

"Haka ne."

"To na saman nan shida gare shi."

Na kai hannu in zare biyu a wayance, jinkar ta rufto kan tebur, ƙwallo ɗaya ya gangara har gaban takalmin sufeto. Na so ƙasa ta tsage.

Na ce, "Rabi ta yi gaskiya. Rumban ba zai yiwu ba."

Bayan an tashi sufeto ya miƙo mini ƙwallon. "Malam, rumbunka bai tsaya ba. Amma wa ya koya wa yarinyar nan ƙirga hannun karbon?"

Na ce ni ne, da ƙarfi kuwa.

An tabbatar da ni. Rabi yanzu tana jami'a tana karatun shimi, kuma duk wanda ya zauna da ni sai ya ji labarinta, ko bai tambaya ba. Darasin da na ɗauka: suna dai kyauta ne, kowa na iya raɗawa, amma ka ƙirga hannu kafin ka ɗora jinka.