Gonar da Aka Bar wa Gishiri

Wallahi wani ilimin in ya biyo ta gonarka, sai ka roƙi Allah ya sa ya wuce gaba. Wannan ba ji na yi ba, ni ne direban da ya kai su.

Wasu masu bincike ne daga wata jami'a na riƙa kaiwa wani ƙauye a bakin fadama, inda gishiri ya taso wa mutane a gona. An sare itatuwan wurin kaf, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya hauro da gishiri, ƙasa ta yi fari fat kamar an barbaɗa gari. Gero ya fito ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Kwaɗi suka yi shiru, tsutsar nan tana ita ma ta ɓace, ko balbela ta daina sauka. Shugaban tafiyar shi ne Dakta Sabi'u, mutum ne mai son a ce masa Dakta. In ka manta, zai tuna maka.

Gonaki shida suka zaɓa. Aka naɗe takardu shida aka zuba a hular dagaci, kowane mai gona ya ɗauki ɗaya. Wani dattijo, Baba Ɗanjummai, ya ɗauko mai jan fenti. Aka dangwala masa yatsa a takarda, aka kafa wani ƙaton allo a bakin gonarsa, wanda babu irinsa a gonar kowa. Babu wanda ya tsaya ya yi masa bayani. Bawan Allah ya koma gida ya yanka zakara, wai shi ya ci ƙuri'a. Kuma ita kaɗai ce gonarsa, gadon ubansa, da ita yake ci da mutum tara.

To, sauran gonaki biyar aka haƙa musu magudanar ruwa, aka dasa bagaruwa da aduwa, aka riƙa zuba musu wata farar hoda mai kashe ƙarfin gishiri. Gonar Baba kuwa ko tsinke ba a sa mata ba. Amma fa ita aka fi ziyarta! Duk wata sai mun je, a tona rami, a ƙirga tana, a ɗebi ƙasa a leda, a ɗauki hoton karan da ya bushe. In an samu tana ta ragu, sai ka ga Dakta yana gyaɗa kai yana rubutu, har da murmushi. Ranar da tsohon ya gaji da jira ya roƙo dashen bagaruwa a wurin maƙwabcinsa ya dasa da kansa, a gabana suka sa ya tuge. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma direba ba shi da baki.

Damina ta biyu, Dakta ya gayyato manyan baƙi daga birni su ga aiki. Gonar maƙwabci ta yi kore shar, kwaɗi na ta kuka a magudana, tsuntsaye sun dawo. Taku uku daga nan, ga gonar Baba tana ƙyalli a rana. Dakta ya tsaya a kan iyaka, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, yana nuna wa baƙi bambanci, ana ta tafi. Sai ga tsohon ya ratso taro da fartanya a kafaɗa.

Ya ce, "Yallaɓai Dakta, a yi mini afuwa. Ni dai tambaya gare ni. Yaushe layi zai zo kaina?"

Dakta ya gyara tabarau ya ce, "Ayya Baba, ai kai babu layi. Taka ita ce gonar kwatance. A ƙa'idar bincike dole a bar guda ɗaya ba magani, don a gane ko maganin yana aiki. Ba don taka ta lalace ba, da yaya waɗannan baƙi za su san waccan ta gyaru?"

Baba ya ce, "Au! Wato lalacewar ma aiki ce aka ba ta?"

"Ƙwarai kuwa. Kai ne ma mafi muhimmanci a cikinsu. Ka ƙara haƙuri, saura shekara uku kacal mu rufe bincike. Sunan gonarka zai shiga littafi."

Tsohon ya sauke fartanya, ya dubi gonar, ya dubi baƙi, sannan ya dubi Dakta tun daga takalmi har hula. Ya ce, "Madalla. Ɗan nan, Allah ya ba ka iyali?"

Dakta ya washe baki ya ce, "Alhamdu lillahi, yara uku, duk suna makaranta."

Baba ya ce, "Allah ya raya. To wanne daga cikinsu ka hana tuwo, don ka gane ko tuwo na ƙosarwa?"