Babur ɗin Dusar Ƙanƙara a Garejin Al Rayyan

Ilimi haske ne, kuma duk duniya babu fitilar da ta kai wanda ya karɓi digiri na biyu jiya-jiya haskawa. Ni ne fitilar. Ranar da na haska a wani gareji a Al Rayyan ta ƙasar Qatar kuwa, ba zan manta da ita ba ko da na roƙi Allah mantuwa.

Tallafin karatuna ya ƙare, takardar zamana saura wata guda. Baba Bulus, bakanike ɗan Jos da muke maƙwabtaka a unguwar Bin Mahmud ta Doha, ya ce mai garejinsu yana neman injiniya. In na burge shi, na sami aiki da kafil, wato mai tsaya mini in zauna a ƙasar. In ban burge ba, sai Kano. Na sa farar riga (gareji fa za ni!), na jera biro uku a aljihu.

Jarrabawar tana tsakiyar gareji: babur ɗin da ake hawa kan dusar ƙanƙara, gaba kamar silifas biyu, baya ƙafar katafila. Wani attajiri ne ya sayo shi daga Turai, ya hau tudun yashi da shi, injin ya buga. Ban taɓa ganin irinsa ba sai a littafi, amma ai a littafin na ci maki.

Na ciro fulogi na ɗaga sama kamar mai duban wata. Fari fat. Na haska fistin, ya ƙone, gefensa duk karce. Daɗi ya kama ni har kunne, don wannan babin na haddace shi.

"Yunwa ce ta kashe shi," na shaida wa mai gareji. "Iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan, wuta ta yi zafi ta cinye fistin. Nozul mai fesa mai ne ya toshe."

"Injiniya, in ce wani abu?" in ji Baba Bulus.

"Baba, bari in kai aya."

Ayar ta ci awa biyu. Aka kwance nozul, yana feshi kamar turaren amarya. Na ce famfon mai ne. Lafiyarsa ƙalau. Na koma kan kwamfutar injin, har da zane a bayan kwali (zanen dai ya yi kyau, wannan ba a musu). Rigata ta koma kalar baƙin mai.

Mai gareji ya dubi agogo. "Yalla, ya muhandis. Khalas?" Wato: maza, injiniya, an gama?

Baba Bulus ya goge hannu a hankali. "Ɗana, ka kai ayar? To nuna mini lagireto."

Na duba gaba, babu. Na zagaya, babu. Na sake zagayawa, ko zai tausaya mini ya fito. Sai Baba ya kwantar da babur ɗin, ya nuna wasu faya-fayan ƙarfe a ƙarƙashin kujera.

"Nan ƙafar take watso dusar ƙanƙara, ita ke sanyaya injin. Attajirinka me ya watso masa?"

"Yashi," na ce, da murya irin ta ɗan firamare.

"Na wane wata?"

"Yuli."

Mai gareji ya yi dariya har ya zauna kan taya. Ya ba ni shayi, ya yaba zanena, bai ba ni aikin ba. A jirgin Kano na yi wa kaina alkawari: kafin in ƙara leƙa cikin fistin, sai na fara leƙa taga. Shekara biyu na yi a garin, kullum da laima saboda rana. A Doha ba a dusar ƙanƙara.