Zabuwa, Motar Likitan Dabbobi, Ta Kwanta Dama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun da har yanzu yake lalube yana neman giya a gefen kujerar falo, Likitan Dabbobi yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da masu gonakin da suka saba jin zuwansa tun kafin su hango shi, rasuwar motarsa Zabuwa. Rai ya yi halinsa ranar Asabar, kwana tara da suka wuce, da hantsi, a kan hanyar gonar kaji ta bayan dutse. Ta rasu tana da shekara goma sha tara, goma sha huɗu daga ciki a hannunsa. Ta tafi da sababbin tayoyi huɗu a ƙafarta, abin da ya ƙara wa rashin zafi.

Ga wanda bai san marigayiya ba, 'yar ƙaramar mota ce mai ruwan toka, gajera, mai yankakken baya, da ƙofa uku, biyu a gefe ɗaya a baya. Kallon farko sai mutum ya ɗauke ta motar cefane, kuma da yawa sun ɗauke ta hakan a bakin danja, sun kuma yi nadama da wuta ta ba da hannu. Asalinta 'yar gidan tsere ce, jinin motocin rali, wato tseren da ake yi a hanyoyin daji cikin tsakuwa da laka. Masu shirya tseren suna da doka cewa kamfani ba zai shigo da mota ba sai ya ƙera irinta ya sayar wa jama'a. Albarkacin kaza ƙadangare ya sha ruwan kasko: ta haka mai yi wa shanu allura ya samu 'yar uwar abin da 'yan tsere suke hawa. Injinta ƙarami ne mai turbo, giya shida na hannu, tayoyi huɗu duka suna ja, jiki kuwa babu nauyi. Likita ya raɗa mata Zabuwa don ba ta da girma, ba a kamo ta a guje, ba ta iya yin shiru, kuma ko yau aka wanke ta gobe za a gan ta da ɗigo-ɗigon laka.

An shaide ta da haƙuri da rashin girman kai. Ta ɗauki akwatin sanyi na alluran rigakafi a kujerar baya tsawon shekaru ba ta fasa kwalba ko ɗaya ba. Ta ɗauki kwalayen 'yan tsaki. Wata rana aka kwantar da kujerun baya ta ɗauki ɗan maraƙi mai karyayyar ƙafa, ya yi mata abin da maraƙi yake yi, ba ta riƙe shi a zuciya ba, sai dai warin ne ya riƙe ta wata uku. Takan shiga lungun da manyan motoci suke tsayawa suna tunani. Babban alherinta kuwa shi ne ba ta buƙatar gudun hauka kafin ta faranta wa mutum rai. A kwanar hanya ɗaya mai tsakuwa, a giya ta biyu, takan juya kamar ta karanta abin da ke zuciyar direba, sai ka ga dattijo ɗan shekara sittin da ɗaya yana dariya shi kaɗai a hanyarsa ta zuwa duba zawon kaji.

Ba ta kasance mai ɓoye abin da ke ranta ba. Da safe idan an tashe ta takan ce “ɓurum, ɓurum,” sannan ta sauke murya ta kama gurnani. Idan an sauya giya sai ta yi “fish!” kamar mai atishawa. A gangare salansarta takan ce “tas, tas-tas,” har awaki su ɗago kai. Idan an kashe ta a gareji bayan doguwar tafiya, takan daɗe tana “ƙis, ƙis, ƙis” a hankali, Likita kuma yakan tsaya da makulli a hannu har sai ta gama.

Sai dai duk wanda ya san Zabuwa ya san ba mutum ɗaya ne yake tuƙa ta ba. A tseren rali mutum biyu ne a mota, ɗaya yana riƙe da sitiyari, ɗaya yana riƙe da littafi yana karanta masa hanya tun kafin ido ya gan ta. Malama, matar Likita, wadda ta yi shekara talatin tana koyar da labarin ƙasa kafin ta yi ritaya, ita ta ga haka a talabijin ta ce ai wannan aikinta ne. Ta sayi littafi mai kauri, ta bi mijinta gona-gona tana rubutawa: ina kwana take, dama ce ko hagu, mai kaifi ce ko mai sauƙi, ina rami, ina yashi, ina kare yake fitowa. Duk bayan damina takan sake bi ta gyara da jan biro. A gida su biyun ba masu yawan magana ba ne, tun da yara suka watse sai su wuni ba su haɗa jimla goma ba. Amma da ta ɗaura bel ta buɗe littafin, sai murya ta buɗe, ta kira kwana, ta sako labarin maƙwabta, ta kira rami, ta tuna masa wani laifi da ya yi shekara ashirin da suka wuce. Likita yana so jama'a su sani cewa mafi daɗin zaman aurensa a cikin wannan 'yar motar aka yi shi. Shekara goma sha ɗaya tana karanta masa hanya, ko sau ɗaya ba ta jefa shi a rami ba.

Game da jinyar ƙarshe, ta kasance gajeriya. Surukin Likita, mijin babbar 'yarsa, mutumin kirki ne, amma yana da jif mai faɗin ɗaki, mai kujerun fata da allon da yake faɗa wa mutum hanya da muryar mace. Ya daɗe yana nuna wa surukinsa, cikin ladabi, cewa mutum mai shekarunsa bai kamata a riƙa ganin sa yana naɗe ƙafa yana shiga gwangwani ba. Ranar Asabar ɗin ya ce zai raka su gonar kaji, ya biyo su a baya. Likita yana hango shi a madubi yana raguwa a kowace kwana, jif tana tangaɗi, zuciyar dattijo kuwa tana fari. Ba girin-girin ba, ta yi mai, haka ya riƙa faɗa a ransa. Gab da gonar akwai wani tudu da hanya take hawa ta faɗa. Zabuwa ta hau shi da ƙarfinta, tayoyinta huɗu suka bar ƙasa, ta sauka da ciki a kan dutse. Kaskon baƙin mai da ke ƙarƙashin inji ya tsage. Jar fitila ta kama, Likita ya gan ta sarai, amma da yake ƙurar jif ta fara bayyana a madubi sai ya ci gaba. Ba a yi nisa ba marigayiya ta ce “ƙwas, ƙwas, ƙwas,” ta yi shiru. Surukin da aka so a burge shi ne ya jawo ta da igiya zuwa wurin bakanike, wanda ya duba ya ce inji ya buga, tsatsa kuma ta riga ta cinye ƙasan, gyara ba zai yi amfani ba.

A nan sanarwa ta ƙare da a ce Likita mutum ne mai gaskiya tun farko. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, saboda haka ga abin da ya faru. A garejin bakanike, gaban suruki da masu jiran gyara, bakanike ya tambaya yaya aka yi haka, alhali Malama tana cikin mota da littafinta. Likita ya dubi ƙasa ya ce littafin ne ya tsufa. Kalma huɗu ce, amma kafin yamma ta zagaya dangi. 'Yarsa ta buga waya tana cewa ai dama idon Mama ya fara rauni, a saya musu mota mai allo kowa ya huta. Malama tana tsaye lokacin da ya faɗa. Ba ta ƙaryata shi ba. Ta rufe littafin, da suka koma gida ta sa shi a durowar da ake ajiye tsofaffin takardun asibiti. Tun daga wannan ranar, abinci yana zuwa a kan lokaci, gaisuwa tana zuwa cikakkiya, amma babu ko kalma ɗaya a kai. Kwana tara ke nan Likita yana zaune a gida mai tsafta da shiru, kuma ya gane cewa rashin motar shi ne ƙaramin rashin da ya yi.

Saboda haka yana sanar da duk wanda ya ji waccan magana, da wanda ya kai ta gaba, cewa ƙarya ya yi. Littafin bai tsufa ba. A shafi na arba'in da bakwai, da jan biro, an rubuta tudun da dutsen da ke bayansa, har an ja layi biyu a ƙarƙashi. Malama ta kira shi a kan lokaci, da muryar da ta tashi aji shekara talatin:

“Tudu, sassauta, dutse a baya. Na ce sassauta.”

Likita ya ji na farko, ya ji na biyu, ya ƙara taka totur, domin yana so mijin 'yarsa ya ga gwangwani yana tashi sama. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Shi ya kashe Zabuwa da ƙafarsa ta dama, sannan ya ɗora laifin a kan wadda ta yi ƙoƙarin ceton ta, don yana jin kunyar yaron da ya haifi sa'ansa. Yana jin kunya yanzu fiye da wadda ya guje wa. Yana roƙon Malama gafara a bainar jama'a, tunda a bainar jama'a ya ɓata mata suna.

Marigayiya ta rasu ta bar Likita da Malama. Ta bar tayar safiya ɗaya, wato ta ajiya, da ba ta taɓa taka ƙasa ba, da jak, da wayar jona batir wadda ta tashi motocin mutane da dama. Ta bar babur ɗin maƙwabci da suke raba inuwar bishiya, da kyanwar gida da take kwana a kan bonet don ɗumi, wadda yanzu take zagaya garejin tana duban Likita da zargi. Ta bar kuma bakanike, wanda ya ce a duk motocin da ke zuwa wurinsa ita kaɗai ce yake gwadawa bayan gyara ko da babu dalili. Iyalan suna godiya ga suruki saboda igiya, da kuma yadda bai ce komai ba a hanya, ko da yake an ga kafaɗunsa suna rawa don danne dariya. Suna roƙon masu zuwa ta'aziyya da su bar hotunan jif a wayoyinsu.

Za a kai marigayiya makwancinta a filin masu sayen tsofaffin ƙarafa ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe tara na safe, daga garejin bakanike. Suruki zai ja da igiya, Likita zai riƙe sitiyari. Da farko an tsara a bi kwalta, tafiyar minti goma, an kuma rubuta cewa kujerar gefe za ta tafi babu kowa sai in mai ita ta ga dama. To sai Likita ya bar wannan takarda a kan teburin cin abinci, wai mantuwa ya yi. Da ya dawo daga duba wata saniya ya tarar Malama ta karanta, ta gyara masa kuskuren rubutu uku, ta soke sakin layin hanyar gaba ɗaya. Ba ta ɗago kai daga ɗinkin da take yi ba ta ce:

“Motar da ta yi rayuwarta a tsakuwa ba za a kai ta ta kwalta ba. Kuma ka gaya wa yaron nan ya kashe allonsa, ni zan faɗa masa hanya.”

Bisa wannan gyara, ayarin zai fita ta bayan gari, ya bi tsohuwar hanyar gonaki, ya ratsa gada mai katako, ya zagayo ta gonar kaji. Kilomita arba'in da biyu ne, kwanar hanya sittin da takwas, duka a kan igiya. A tudun za a tsaya cak, Likita zai sauko ya kawar da dutsen da hannunsa. Masu niyyar rakiya su zo da ruwan sha da hular rana, kada kuma wanda ya sa wani uzuri kafin la'asar, domin Malama ta ce ba ta gaggawa, akwai maganar kwana tara da ba a yi ba.