Ranar da na wanke gonar gara

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga kai, amma ba zan taɓa mantawa da wata Litinin ba, shekara biyu kafin in yi ritaya. Lokacin ni ne mai shara da wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje na wata babbar makaranta a nan Bauchi. Karatuna bai wuce firamare ba, amma wajen tsabta ban san na biyuna ba. Kwalbar da na wanke, fuskarka za ka gani a jikinta. (Har gobe ina faɗin haka, kuma gaskiya ne. Shi ne ma ya ja mini.)

Akwai wata malama a sashenmu, Malama Rifkatu, sa'ar 'yata ta fari. Tana neman digiri na biyu, bincikenta kuma a kan gara ne. Ta je ƙauyen Inkil ta sa aka fasa suri, ta kwaso gara har da uwarsu, ta zuba a akwatin gilashi, ta lulluɓe da baƙin ƙyalle. Sau uku suna mace mata. A karo na huɗu suka zauna, ta yi wata bakwai tana lallaɓa su kamar jarirai.

A jikin akwatin ta manna takarda mai kalma guda: Termitomyces. Kwana uku ina harhaɗa baƙaƙen kafin bakina ya iya ta. Me take nufi? Ban tambaya ba. Na dai kai ta majalisarmu ta Ƙofar Dumi, duk wanda ya ja musu da ni, ko a kan siyasa ne, sai in jefa masa ita. Har Malam Sabo maƙeri ya fara kirana Farfesa, ni kuwa ina amsawa.

Wata Juma'a Malama ta ce da ni, "Baba, ran Litinin baƙo zai zo daga wata jami'a ya duba aikina. A gyara ɗakin nan sosai. Amma akwatina a bar mini shi."

Tana fita na ɗaga ƙyallen. Sai ga wani abu kamar tsohon soson wanka a tsakiyar akwatin, farar fumfuna ta rufe shi, har ta yi ƙwayoyi kamar gero, garar na ta yawo a kai. Na ce a raina, yaran zamani, ga boko ga ƙazanta. Na yanke cewa kunya ce ta hana ta ce in wanke, kuma ni ba zan bari ta tozarta gaban baƙo ba.

Na kwashe garar da cokali a hankali zuwa cikin roba. Na fasa soson na zubar a kwata. Na wanke gilashin da sabulu da ruwan zafi, na shimfiɗa sabon yashi, na mayar da su. Har gutsuren burodi na ajiye musu, don kar a ce ban da tausayi. Na mayar da ƙyallen, na ce wa maigadi, "Ran Litinin ka kasa kunne, za ka ji ana yabona."

Ran Litinin da rigar Sallah na zo aiki. Baƙon dattijo ne mai tabarau, ga shugaban sashe, ga ɗalibai sun cika ɗaki. Malama ta yi ta bayani da Turanci, ina daga baya ina gyaɗa kai. Sannan ta janye ƙyallen.

Gilashi na walƙiya. Garar sun takure a kusurwa, rabi sun mace. Fumfunar da ta rage a akwatin nan kaf ita ce koriyar da ta fito a jikin burodina.

Shugaban sashe ya ce, "Wa ya taɓa akwatin nan?"

Na ratsa ɗalibai na fito gaba. "Ni ne, ranka ya daɗe. Ba sai an gode mini ba, aikina ne. Da kun ga fumfunar da ke ciki, da ba ku ci abincin rana ba."

Baƙon ya cire tabarau, ya tambaye ni da Hausa, "Baba, ina ka kai ta?"

"Kwata, ranka ya daɗe." Don kuma ya san da wa yake magana, na nuna garar na ƙara da cewa, "Yanzu Termitomyces ɗin nan za su sha iska."

Wani ɗalibi ya toshe baki ya fice da gudu.

Malama ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta ɗaga. Cewa ta yi, "Baba, gara manoma ne. Su ke tauna ciyawa su gina wannan soson, su shuka fumfunar a kai, su yi ta kula da ita, ita suke ci. In babu ita mutuwa suke yi. Sunan da kake faɗa, sunanta ne. Gonarsu ka zubar, da shekarata guda."

Maimakon in ba da haƙuri, sai na ji bakina ya ce, "To ai mu a gidanmu fumfuna ƙazanta ce." Wannan maganar ta fi wankin damuna har yau.

Shugaban sashe ya so a sallame ni. Malama ce ta hana, ta ce ba ta taɓa zaunar da ni ta yi mini bayani ba. Alhali ta ce a bar mata akwatinta, da Hausa kuwa, ba da Turanci ba. Abokan karatunta suka gama suka bar ta, sai bayan shekara ta karɓi nata digirin. Ni na ɗauki diga na bi ta Inkil, muka fasa suri huɗu, manyan gara masu jan kai suka yi ta cizona.

Malam Sabo har yanzu Farfesa yake kirana, sai dai yanzu majalisa dariya take yi.

Tun daga ranar, abin da ban gane ba sai na tambaya kafin in kai masa sabulu. Kwanan baya na tarar da tuwo ya yi fumfuna a kwano, na ɗauka na je wajen uwargida na ce, "Hajiya, in zubar, ko noman wani ne?"